Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo

Ya ku 'yan'uwanmu ɗalibai da matasan ma'aikatan gwamnati, muna neman aron kunnuwanku game da wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya. Maganar kuwa ita ce ta ma'aikatan jinya, wato nas-nas da ungozomomi, waɗanda ƙasar nan ta ɗora wa ɗawainiyar majiyyata dare da rana, sa'an nan ta hana su kujera a zauren da ake tsara yadda sha'anin lafiya zai gudana. Mu da muka fito daga Ɗan Isa da sauran garuruwan ƙasar Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi ganau ne a kan wannan al'amari, ba jiyau ba, don kuwa babu gidan da bai taɓa ɗaukar mara lafiya a kan babur da tsakar dare ba, kuma duk mun san wanda ake tararwa a farke idan an isa asibiti.

Wanda ake tararwa a farke shi ne nas, ko ungozoma, ko kuwa, a ƙananan asibitocin ƙauye, ma'aikacin lafiya na karkara wanda nas ce ya kamata ta riƙa duba aikinsa. Su ne ke karɓar mai naƙudar da jini ya ɓalle mata, su ne ke neman jijiya a hannun yaron da amai da gudawa suka tsotse, su ne suka san maganin da ya ƙare a sito tun watan jiya, da hanyar da ba ta biyuwa bayan la'asar saboda 'yan bindiga. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, su ne suka ci gaba da aiki ba tare da hanyar kiran mota ko neman shawarar babban asibiti ba. To, amma in an zo zaman kasafin kuɗi a Gusau, ko taron tsara manufar lafiya a Abuja, sai a nemi mai wannan sani a rasa, ko kuwa a same shi can kujerar baya yana rubuta abin da wasu suka yanke. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada wani ya ɗauka ƙorafin albashi ko na girma muke yi a madadin wasu. Abin da muke cewa shi ne, ware mai jinya daga shugabanci yana cin rayuka, kuma muna da hujja daga ƙasarmu. A watan Disamba na 2016 cutar sanƙarau nau'in C ta ɓulla a ƙaramar hukumar Zurmi. Sai a tsakiyar Fabrairu na 2017 ma'aikatar lafiya ta jiha ta sanar da cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato bayan kimanin wata biyu. Kafin annobar ta lafa a watan Yuni na wannan shekara, an lissafa mutum 14,518 da ake zaton sun kamu a faɗin ƙasa, 1,166 kuma suka riga mu gidan gaskiya, kusan rabin masu cutar kuwa 'yan Zamfara ne. Allurar da aka yi wa jama'a a shekarun baya ta nau'in A ce, ta nau'in C kuwa ta yi ƙaranci a duniya, sai a watan Afrilu aka soma yin ta gadan-gadan, lokacin da zafin bazara ya riga ya gama yaɗa cutar. Ihu bayan hari ke nan.

Yanzu mu tambayi kanmu: wa ya fara ganin yaro da sanƙararren wuya da zazzaɓi mai zafi a Zurmi? Ba kwamishina ba ne, ba babban sakatare ba ne. Ma'aikacin da ke bakin gado ne. Sani yana ƙasa, iko yana sama, tsanin da ke tsakaninsu kuwa sai da labari ya yi wata biyu yana hawa. A daidai lokacin da iyaye ke binne 'ya'yansu, abin da aka ji daga bakin gwamnan jiha na wancan zamani, Abdul'aziz Yari, shi ne cewa cutar horo ce daga Allah saboda saɓon da jama'a ke yi. Mun yi imani babu abin da ke faruwa sai da ikon Allah, amma addininmu ne ya umarce mu da neman magani, shi ne kuma ya hana shiga ko fita daga garin da annoba ta sauka. Da a ce a majalisar gwamna akwai wadda ta taɓa kwana tana juya yaro mai sanƙarau, da ta faɗa masa cewa abin da ake bukata shi ne allura, da maganin kashe ƙwayar cuta, da motar kai samfur ɗakin gwaji, da rage cunkoso a ɗakunan kwana.

Ba a nan abin ya tsaya ba. A watan Yuni na 2024 ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF, tare da ma'aikatar lafiya, ta auna yara 97,149 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi, aka tarar kashi 27 cikin ɗari suna fama da tamowa. Wato fiye da yaro ɗaya cikin kowane huɗu, a jihar da take kirari da cewa noma ne abin alfaharinta. Kowa ya san tushen abin: manomi ba ya iya zuwa gona, kasuwa ta mutu, an tashi ƙauyuka, mu ma a Ɗan Isa mun ɗanɗana harin 'yan bindiga a 2024. Sai dai jinyar yaro mai tamowa kusan dukkanta aikin nas ne: awon damtse, ba da madara a kan ƙa'ida sa'a bayan sa'a, lura da sanyin jiki, koya wa uwa yadda za ta ci gaba a gida. Abin kunya ne a ce baƙi daga ƙasashen waje ne ke ɗauke da babban kason wannan aiki a manyan asibitocin Shinkafi da Zurmi. Muna gode musu, amma baƙo raɓa ne. Ranar da suka naɗe tabarmarsu, wa muka tanada da ya san aikin, yake kuma da ikon sa hannu a takardar kuɗi?

A nan za a ce mana: ai likita ya fi nas zurfin karatu, saboda haka shi ya cancanci shugabanci. Mun yarda likita ya fi sanin gano cuta da yin fiɗa, ba kuma mu zo rage wa likitocinmu daraja ba, su ma ƙalilan ne, suna kuma shan wahala. Amma tafiyar da ma'aikata, da rabon ma'aikata zuwa ƙauyuka, da tsara sayen magani, da kare kasafi a gaban majalisa, wani fanni ne dabam wanda ba a koyar da shi a ɗakin fiɗa. Ana koyonsa ne ta hanyar karatun lafiyar al'umma da mulki, da kuma gogewa, kuma ƙofar wannan karatu a buɗe take ga likita da nas da mai harhaɗa magunguna baki ɗaya. Abin da ya mayar da shugabancin manyan asibitocin koyarwa gadon likitoci kaɗai doka ce ta soja, Doka ta 10 ta 1985. Mutane ne suka rubuta ta, mutane kuma suna iya gyara ta.

Tarihi ma yana bayanmu. Florence Nightingale, wadda ake kira uwar aikin jinya na zamani, an fi tuna ta da fitilar da take zagaya majiyyata da ita a yaƙin Kirimiya na 1854. Amma babban aikinta ta yi shi ne bayan yaƙin, da alƙalami da lissafi, inda ta nuna wa hukumomin Ingila cewa ƙazanta da cututtuka sun kashe sojoji fiye da harsashi, har aka sake tsarin asibitocin soja. A nan gida Nijeriya kuwa akwai Kofoworola Abeni Pratt, wadda ta fara da aikin koyarwa, ta tafi makarantar jinya ta asibitin St Thomas a Landan a 1946, ta dawo gida lokacin da manyan muƙaman jinya ke hannun Turawa. A 1964 ta zama 'yar ƙasa ta farko da ta shugabanci nas-nas na asibitin koyarwa na Ibadan, a 1965 ta zama babbar jami'ar jinya ta tarayya, daga 1973 zuwa 1975 kuma ta riƙe muƙamin kwamishinar lafiya ta jihar Legas. A ƙasar Botswana, Sheila Tlou, nas kuma farfesa, ta yi ministar lafiya daga 2004 zuwa 2008, a tsakiyar yaƙin da ƙasarta ke yi da cutar ƙanjamau. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta naɗa babbar jami'ar jinya a 2017, Elizabeth Iro, wadda kafin nan ita ce sakatariyar lafiya ta ƙasarsu, tsibiran Cook. Rahoton da hukumar ta fitar a 2020 ya nuna ma'aikatan jinya su ne kashi 59 cikin ɗari na ƙwararrun ma'aikatan lafiya a duniya, ya kuma shawarci kowace ƙasa ta ba su murya a wurin tsara manufa. Abin da Legas ta yi shekara hamsin da suka wuce, me ya hana jihohinmu na Arewa maso yamma su mayar da shi al'ada?

Ku dubi kuma yadda ƙasa ke saka wa waɗannan bayin Allah. Majalisar kula da aikin jinya da ungozoma, wadda aka kafa a 1979, ta bayyana ta bakin magatakardanta na lokacin, Faruk Umar Abubakar, a farkon 2024, cewa nas-nas kimanin 42,000 sun bar Nijeriya cikin shekara uku. Maganin da hukuma ta fara kawowa shi ne ƙara tsaurara sharuɗɗan tantance takardun mai son fita, har da sai ya yi shekara biyu yana aiki, abin da ya jawo zanga-zanga a Abuja da Legas. Wato maimakon a toshe inda rufi ke yoyo, sai aka kulle ƙofa don kada mai ɗaki ya fita. A ƙarshen Yuli na 2025 ƙungiyar nas-nas da ungozomomi ta ƙasa ta shiga yajin aikin gargaɗi, cikin bukatunta kuwa har da a kafa cikakken sashen jinya a ma'aikatar lafiya ta tarayya. Ku lura da kyau: shekara sittin bayan naɗin Misis Pratt, masu wannan sana'a suna yajin aiki don a ba su sashe nasu na kansu a ma'aikatarsu! Mutum ba ya barin garinsu don kuɗi kawai. Yana barinsa ne kuma idan ya hango cewa komai daɗewarsa da ƙwazonsa, akwai matakin da ba za a bari ya wuce ba.

To, amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu 'yan boko na Arewa muna da namu laifin, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A nan cikin jami'a, sau nawa muka ji ana yi wa ɗalibin sashen jinya kallon wanda ya nemi likitanci bai samu ba? Sau nawa muka ji ana kiran nas yaron likita? A gidajenmu kuma, mutumin da ya rantse namiji ba zai karɓi haihuwar matarsa ba, shi ne dai ya cire 'yarsa daga makaranta kafin ta gama sakandare. Daga ina yake so ungozoma mace ta fito, daga sama? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mata 512 ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, kuma sanin kowa ne a yankinmu abin ya fi muni, inda akasarin mata ke haihuwa a gida ba tare da ƙwararriya a kusa ba. Masu fakewa da addini kuwa muna tuna musu da Rufaida al-Aslamiyya, sahabiyar da aka kafa wa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, wadda a wurinta aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Aikin da aka yi a masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba mai hankalin da zai kira shi abin kunya.

An kuma riga an gwada an gani cewa 'yan matan ƙauyukanmu suna iyawa. Daga 2012 zuwa 2020 an gudanar da wani shiri da tallafin gwamnatin Ingila a jihohin Kano da Katsina da Jigawa da Yobe da Zamfara, inda aka riƙa ɗauko 'yan mata da matan aure daga karkara, da yardar iyaye da mazaje da sarakuna, a yi musu shekara guda ta share fage, sa'an nan su shiga makarantun jinya da ungozoma, bisa alkawarin za su koma su yi wa garuruwansu aiki. Hikimar abin a fili take: 'yar Ɗan Isa ta fi baƙuwa jure zaman Ɗan Isa, ta san harshen matan garin, ta san abin da suke ɓoyewa. Abin da ya rage shi ne kada a tsaya a nan. Wadda aka ɗauko daga ƙauye aka koya mata karɓar haihuwa, a buɗe mata hanya ta yi digiri, ta yi na biyu, ta zama darakta, ta zama babbar sakatariya. In ba haka ba, mun horar da hannaye ne kawai, mun bar kawuna.

Saboda haka muna kira ga ƙannenmu da ke shirin shiga jami'a, da 'yan'uwanmu da ke cikin wannan fanni, su ɗauki aikin jinya a matsayin doguwar hanya mai kaiwa ga shugabanci. Hanyar kuwa a shimfiɗe take. Ana iya farawa daga kwalejin jinya da ungozoma ta Gusau, ko a shiga digirin jinya na shekara biyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Jami'ar Bayero ta Kano, ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Daga nan sai aikin gado, wanda ba shi da madadi, don shugaban da bai taɓa yin aikin dare ba ba zai san abin da ake nufi da nas ɗaya a ɗakin majiyyata talatin ba. Bayan wannan sai ƙarin ilimi a fannin lafiyar al'umma, da ilimin bin sawun annoba, da tattalin arzikin lafiya. A koyi karanta kasafin kuɗi kamar yadda aka koyi karanta katin majiyyaci. A san Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, a kuma iya tambayar nawa ne ya iso asibitin gunduma. A san alkawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001 na ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi. A koyi rubuta takardar shawara mai shafi biyu wadda kwamishina zai karanta ya kasa musantawa. Ba a ba mutum kujera don tausayi. Wanda ya shiga zaure da alƙaluma a hannu shi ake saurara.

Ga hukuma kuma muna da bukatu bayyanannu. Gwamnatin Dauda Lawal ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya a farkon 2024, mun kuma ga ana gyaran gine-ginen asibitoci. Madalla. Sai dai fenti ba ya karɓar haihuwa, sabon gado kuma ba ya ɗaura ƙarin ruwa. Na farko, daraktan ayyukan jinya na jiha ya zama cikakken ɗan majalisar zartarwar ma'aikata, mai kasafi nasa, mai faɗa a ji wajen ɗauka da rabon ma'aikata. Na biyu, kowane kwamitin annoba, tun daga jiha har ƙaramar hukuma, ya kasance da nas mai aiki a fage, wadda ke da izinin aika rahoto kai tsaye ba tare da jiran sa hannun mutum biyar ba. Na uku, muƙaman shugabancin hukumar lafiya a matakin farko, da hukumar asibitoci, da kujerar kwamishina, su zama na wanda ya cancanta daga kowane fanni na lafiya. Na huɗu, a ba kowace gunduma gurbin karatun jinya da ungozoma duk shekara, da alawus na musamman da masauki mai tsaro ga wanda ya yarda ya zauna a wurare irin su Zurmi da Shinkafi. Na biyar, a ba ma'aikacin da ya yi shekaru a karkara fifiko wajen hutun ƙaro karatu da albashinsa, domin ya zamana zaman ƙauye tsani ne na hawa sama, ba wurin horon wanda ba shi da uwa a gindin murhu ba.

Ku kuma matasan ma'aikata da ke ofisoshin kuɗi da na tsare-tsare da na ɗaukar ma'aikata, fayilolin nan ta teburinku suke bi. Ku ne ke rubuta jerin sunayen waɗanda za a gayyata taro, ku ne ke tsara sharuɗɗan muƙami kafin a tallata shi. Layi ɗaya da kuka ƙara ko kuka tsallake yana iya buɗe ƙofa ko ya rufe ta shekara goma. In an miƙo muku jerin mahalarta taron lafiya babu nas ko ɗaya a ciki, ku tambayi dalili, ko da kuwa tambayar ba za ta yi wa maigida daɗi ba.

Sanƙarau bai yi sallama da mu ba, yana nan yana jiran bazara, kwalara tana jiran damina, tamowa kuwa ta zama 'yar gida. Ba a fafe gora ranar tafiya. In muna so annoba ta gaba ta tarar da mu a shirye, to, wadda za ta fara ganinta a bakin gado dole ta kasance tana da 'yar'uwar sana'a a kan teburin da ake yanke hukunci, wadda za ta gane saƙon tun daga kalmar farko. Yarinyar da za ta hau wannan kujera wataƙila yanzu haka tana aji uku a wata makaranta a Ɗan Isa, in har an bar ta ta ci gaba da zuwa. Haƙƙinmu ne mu tabbatar an bar ta, mu kuma tabbatar in ta iso ba ta tarar da ƙofa a garƙame ba.

Allah ya ji ƙan waɗanda muka rasa, ya ba majiyyatanmu lafiya, ya saka wa masu kwana a kansu da alheri, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.